Kafin Baba Sa'idu Ya Dafa Littafi

Tawa, 10 ga Disamba

Zuwa ga Gwaggo Sauda, a Takanamat.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya gwiwar nan taki da aka ce tana damun ki? Ni lafiyata lau, sai ciwon baya irin na masu kabu-kabu, wanda ba ya kwantar da mutum kuma ba ya barin sa.

Na san za ki ce Muktari ɗan marigayi Nasrullahi bai tuna da ke ba sai yau da yake da buƙata. Gaskiya ne, ba zan yi musu ba, rabona da ke tun sadakar arba'in ɗin babana. An ce mini kin hana a aiko miki saƙon murya, don a wayar maƙwabciya ake kunna miki, unguwa duka ta saurara. Shi ya sa na sayi kaye da bik na rubuta takarda, zan ba Yunusu direba ya kawo miki.

Ga abin da ya sa. Kwana goma sha biyu ke nan da na baro Tudun Aduwa na zo cin rani, ina tuƙa moton wani Alhaji, babur ɗin haya. Ranar nan na sauke wani mutum a ƙofar gidan matasa, ya so ya raina mini hankali, na wanke shi tas. Ashe wata mata na tsaye tana ji. Sunanta Madam Zuhura, ita ke riƙe da ƙungiyar 'yan tiyatir na wurin, masu wasan kwaikwayo. Ta ce wata biyu tana neman murya irin tawa. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ta yi dariya, ta ce in zo repetisiyon, wato gwajin wasa, bayan la'asar. Na je don in kashe lokaci, sai ga ni da takarda a hannu.

Wasan tsoho ne tun zamanin ƙungiyoyin samariya, wai shi Murfin Rijiya, na wani malamin boko, marigayi Mushe Abarshi. Ni aka ba Barmo, saurayin da ya yi faɗa da ubansa a bakin rijiya, ya tafi cikin fushi bai mayar da murfi ba, maraƙin maƙwabci ya faɗa ciki ya mutu, ruwan gari ya ɓaci, aka ɗora wa wani baƙo mai wucewa. Takardun da Madam ta samu a tsohon akwati ba su cika ba. Maganar uwar Barmo rabi ce, fitowa ta ƙarshe kuma babu ita sam, ta ce gara ta cinye. Da ta karanto sunayen waɗanda suka fara yin wasan, sai na ji sunanki a matsayin uwar Barmo. Bakina ya riga ni, na ce ai gwaggona ce, kakanta da kakan babana uwa ɗaya uba ɗaya. Tun daga nan Madam ta hana ni sakat, sai na rubuto miki ki aiko da abin da kika tuna.

Ni dai da ra'ayina za a bi, ba sai an wahalar da ke ba. Na faɗa musu Barmo ya hau mota ya tafi Abijan, a ja labule. Haka mutane ke yi a duniyar gaske. Durƙuso gaban dattawa da kuka da neman gafara duk ƙaryar tsofaffi ce, don yara su ji tsoro.

Ki huta lafiya.
Muktari

Takanamat, 16 ga Disamba

Ɗana Muktari,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da baƙin man inji a jikinta, aikin Yunusu. Gwiwa tana nan, ita da sanyin bana sun haɗa mini kai. Rubutunka kamar kaza ta yi tono, amma shekara talatin na yi ina karanta irinsa wurin 'yan makaranta a lakwal, bai gagare ni ba.

Ka tono mini abin da na daɗe ban taɓa ba. Shekarata goma sha tara lokacin. Sa'idu, wan babanka da ya riƙe ka, shi ya ce in na kuskura na hau dandali gaban maza sai ya karya mini ƙafa. Na hau a Tawa, na hau a Damagaram, mutane suka tafa har hannunsu ya yi ja. Ƙafar kuwa tsufa ne ya karya ta, ba shi ba.

Maganar uwar Barmo ba ta ɓace mini ba, ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta. Ga rabin da kuka rasa. Ka karanta da kyau, ka karanta sau uku, ka lura da inda na ja layi da jan bik, daga "amma ka sani" har ƙarshe.

"Barmo, ni na wanke rigakka ran nan, na san inda kat tahi. Ba ni kai ka gaban kowa. Amma ka sani, in baƙon ga ya bar garin ga da sunan mai laihi, kai ka kore shi, ba dattawa ba. Ka ci tuwo, ka yi arme, ka haihu, duk inda ka zamna yana nan zamne kusa gare ka."

Fitowa ta ƙarshe sai wani karo, hannuna ya gaji. Batun Abijan kuma na ji, zan ba ka amsa in na huta.

Yanzu labarin gida, tunda kai ba ka tambaya ba. Matan Tudun Aduwa sun kawo mini shi ranar kasuwa, ko da yake na ɗauka ka sani, don kwana ɗaya ne tsakanin abin da tafiyarka. Rumbun Kande, matar nan da mijinta ya rasu bara, ya ƙone ƙurmus da hatsin shekararta, da rana tsaka. Ka san rumbunan a gefen gonarku suke, inda Agali ke sauka da shanunsa duk bayan kaka, su ci kara su bar muku taki, yau shekara talatin. Mai gari ya ce gida biyu kaɗai suka yi aiki a wurin ranar, zangon Agali da gidanku da ke kwasar kara. Agali ya ce ba wutarsa ba ce, a ba shi Alƙur'ani ya dafa. Aka ce a'a, ɗan gari ke fara dafawa. Gari dai ya riga ya yanke a zuciyarsa, don mai zango ya fi sauƙin zargi.

An ba da kwana arba'in ko mai abin zai fito da kansa. In bai fito ba, ranar Juma'a 12 ga Janairu Sa'idu zai dafa Littafi a kan bai san wani na gidansa da ya kai wuta wurin ba. Yana dafawa, za a tashi Agali daga gonakin gari a hana shi rijiya, shi da iyalinsa da shanunsa, ga rani yana shigowa. Abin ya tsaya mini a rai, don mutumin nan ban taɓa jin ya ɗauki ko tsinken wani ba.

Ka gaishe da Madam ɗinku. Ka riƙa sa kasko, hular kwanon nan, in za ka hau moto.
Gwaggonka Sauda

Tawa, 19 ga Disamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, Allah ya sawwaƙe gwiwa. Lafiyata lau.

Maganar wasa na tambaye ki, ban tambaye ki wa'azi ba. Kin ja jan layi, kin ce in karanta sau uku, sannan kin liƙa labarin rumbu a gindinsa. Ni ba ɗan ajinki ba ne. In kina da magana da ni ki faɗe ta a fili, ki daina ɓuya bayan uwar Barmo.

Wa ya gaya miki? Babu kowa a bayan rumbunan ranar, sai da na duba kafin in zauna. Kuma in sigari ɗaya ke ƙone rumbu, da garin nan ya daɗe da zama toka. Na taka shi da ƙafata kafin in tashi, na tabbata na taka shi. Iska ce ta juya, ni ban aiko ta ba.

Kina tausayin Agali. Agali daji duk nasa ne, in an tashe shi nan, gobe ya sauka can. Ni wa ya taɓa tausaya mini? Tun da babana ya rasu ba sunan da ba a kira ni da shi ba a garin nan. Akuya ta ɓace, Muktari. An fasa tagar lakwal, Muktari. Shekarar da batirin masallaci ya ɓace har ɗakina aka bincike gaban mata, daga baya aka same shi wurin ɗan wani babba, ba wanda ya zo ya ce mini yi haƙuri. Wa ya dafa Littafi domina a lokacin? Sau ɗaya abu ya faɗa kan wani ba ni ba, shi ke nan duniya za ta tashi?

Ba zan zo ba. Ki riƙe fitowarki ta ƙarshe, ba na buƙatarta. Zan tsaya kan bakana, Barmo Abijan zai tafi, in Madam ta ƙi ta nemi wani.

Muktari

Takanamat, 23 ga Disamba

Muktari,

Na amsa gaisuwarka. Gwiwa da sauƙi, yau ba ita ke mini ciwo ba.

Na karanta takardarka a tsaye, na nemi kujera na sake karanta ta a zaune. Wallahi ban san komai ba. Jan layin nan Mushe Abarshi ne ya ja mini shi fiye da shekara arba'in da suka wuce, nan ne uwar Barmo ke ɗaga murya, na ja shi don yarinyar da za ta yi wasan ta sani. Sau uku kuwa haka nake ce wa kowa, har mai kawo mini itace. Ba Kande ba ce ta gaya mini, ba kowa ba ne. Kai ne ka gaya mini da hannunka.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Sigari kuskure ne, duk wanda ya taɓa hura wuta ya san tana iya kuɓuce masa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ka ce daji duk na Agali ne. Ka fi ni sanin ƙasar nan. Rijiyar da za ta shayar da garke irin nasa tafiyar kwana biyu ce, kuma kafin ya kai labari ya riga shi. Wane manomi zai bar wanda aka ce ya ƙone rumbu ya sauka gonarsa? Akwai tsohuwar uwarsa da ba ta iya hawa jaki sai an ɗora ta.

Gaskiyarka ɗaya, an sha ɗora maka abin da ba ka yi ba, mu danginka muka yi shiru, har da ni. Wannan laifinmu ne, na karɓi nawa. Amma Agali ba ya cikin waɗanda suka bincike ɗakinka. Kai da ka san zafin abin, kai ne za ka miƙa wa wani shi?

Ba zan faɗa wa kowa ba. Takardarka na sa ta a murhu. In na kai magana za a ce tsohuwar 'yar tiyatir ce ke neman Sa'idu da tsohon faɗa, kuma ko an yarda da ni, maganar ba tawa ba ce. Amma ka amsa mini abu ɗaya. Na san Sa'idu tun muna wasan ƙasa, ba ya tambayar da amsarta za ta yi masa nauyi. Washegarin gobara kai ka shirya tafiya, ko shi ya sa ka a mota?

Fitowa ta ƙarshe da ka ce in riƙe, ba abin da zan riƙe. Ka gaya wa Madam gara ba ta ci komai ba, Mushe Abarshi bai taɓa rubuta ta ba. Haka yake aiki. Dattawa za su zauna, baƙo zai ɗaure kayansa, sai a bar wanda ke yin Barmo ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Na ga Barmo huɗu. Ɗaya ya yi ta kuka, mutane suka yi masa dariya. Ɗaya ya yi wa'azi, suka watse. Ɗaya ya ce shi tafiya zai yi, irin taka. Mushe ya ce to, amma ba ƙofar baya, ta tsakiyar 'yan kallo za ka bi. Ya sauka, matan Tawa suka ƙi buɗe masa hanya, dole ya komo. Na huɗun wani makanike ne, bai durƙusa ba, bai yi kuka ba, a tsaye ya faɗa, fili ya yi tsit.

Saura kwana ashirin. Ina jiran amsarka.
Sauda

Tawa, 4 ga Janairu

Gwaggo Sauda,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Ni jikina lau, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Kwana goma sha shida ba amsa. Sau huɗu ina zuwa otogar, tashar mota, ana ce mini motar Yunusu ba ta shigo ba. Ɗayan biyu ne, ko kin yanke ni, ko kin kai takardata gaban mai gari. In na biyun ne ki gaya musu ina tsayawa a bakin kasuwa wajen masu kabu-kabu, ba ɓuya nake ba. Tunda kin riga kin sani, bari ki ji duka, kada wani ya ƙara miki gishiri.

Ranar mun gama ɗaure kara, sauran suka tafi sallar azahar. Ni na zaga bayan rumbun Kande na kunna sigari, don in Baba Sa'idu ya gan ni da shi sai an kwana ana magana. Na jefar, na taka, na tafi. Ban kai gida ba na ji ana kururuwa. Na komo na yi ta ɗibar ƙasa ina watsawa tare da kowa, har gashin hannuna ya babbake. Da yamma na iske Baba shi kaɗai a zaure, na durƙusa, na ce Baba akwai magana. Ya dubi hannuna, ya dubi aljihun rigata inda kwalin sigari yake, ya ɗaga mini tafinsa. Ya ce, "Kak ka hwaɗa min komi. Abin da kunnena bai jiya ba, hannuna na iya dahwa Littahi kanshi. Gobe da sahe ka bi mota." Na bi mota, har ina ganin ya yi mini gata.

Ranar Lahadi na kai wani dillali kasuwar dabbobi. Sai ga babban ɗan Agali da tsofaffin shanu biyu masu shaidarsu a cinya. Na ji yana ce wa dillali ba za su iya doguwar tafiya ba, shi ya sa za a rabu da su. Ɗayar jar nan ce mai karyayyen ƙaho, wadda muke shan nononta muna yara. Ashe tun yanzu sun fara shirin tashi. Na rufe gilashin kasko na juya moto. Na ji kunya, kuma na ji haushin kunyar da na ji.

A repetisiyon ma abin ya ƙi. Raƙiya, wadda ke yin uwar Barmo, ta haddace maganarki. Shekaranjiya ta dube ni ta ce kai ka kore shi ba dattawa ba, na daka mata tsawa har ta saki takardarta. Madam ta ce ya yi kyau, haka ake so. Na fita ban yi sallama ba, ban koma ba.

Kin san abin da ya fi ci mini rai yanzu? Ba ke ba ce, ba Agali ba ne. Baba bai tambaye ni ba. Shekara ashirin da huɗu gare ni, amma ya yanke cewa ni ba mutum ba ne da za a tambaya ya amsa, abu ne da ake turawa bayan ɗaki in baƙi sun zo. Duk lokacin da aka yi mini ƙarya sai a kira ni gaban jama'a. Sau ɗaya da nake da gaskiyar da zan faɗa, sai aka sa ni a mota. Wannan ba gata ba ne.

Ban ce zan zo ba. Na dai ce ki amsa mini.
Muktari

Tawa, 11 ga Janairu

Gwaggo,

Gaisuwa a gurguje, lafiya lau. Yanzu da hantsi Yunusu ya miƙo mini takardarki ta 23 ga Disamba. Motarsa ta lalace a Affala, ya yi ta jiran kayan gyara, takardar na ƙarƙashin kujera duk kwanakin nan. Takardata ta 4 ga wata ban san ko ta same ki ba, wani direba na ba.

Ashe ba ki sani ba. Na karanta wurin na yi dariyar da ba daɗi, har maƙwabcina a tasha ya tambaye ni lafiya. Amsar tambayarki, shi ya sa ni a mota.

Gobe ce Juma'ar. Na mayar wa Alhaji motonsa, zan bi motar azahar. Kada ki ɗauka maganarki ce ta tashe ni, jakata a ɗaure take tun jiya. Kuma ba durƙuso zan je yi ba.

Muktari

Tudun Aduwa, 20 ga Janairu

Zuwa ga Gwaggo Sauda,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta bar ki kin yi barci. Ni lafiya, sai leɓena da ya kumbura, ya kuma fara saɓewa. Na san mata sun kawo miki labari iri bakwai, ga nawa.

Na iso ranar Alhamis kafin magariba. Baba Sa'idu na zaune ƙofar gida, da ya gan ni sai fuskarsa ta canza. Na gaishe shi ya amsa. Na buɗe baki, ya ce, "In gaisuwa ta, na amsa. In magana ta, sai bayan Juma'a." Ya shige ɗaki ya sa aka ce mini yana lazimi. Da safe na tare shi hanyar masallaci, ya ja wani tsoho da hira har suka shiga sahu. Na so in faɗa masa mu biyu, Allah ya sani, don ya janye da kansa ba tare da kunya ba. Shi ya ƙi.

Bayan an sauko Juma'a aka taru ƙofar mai gari. Agali na gefe guda da 'ya'yansa, ya ja rawani har hanci. Kande na can bayan zana tare da mata. Liman ya kwance Littafi daga gafaka ya ɗora kan buzu. Baba ya sake alwala gaban kowa, ya zo ya zauna, ya naɗe hannun riga. Na ga hannunsa ya tashi, sai na ji ni a tsaye.

Na ce, "Baba, wutar tawa ta. Sigarina na, bayan rumbun Kande, da azahar. Yanzu ka jiya."

Hannun ya tsaya a sama. Ya ce wa mai gari, "Yaron ga ba shi cikin hankalinai, shaye-shaye na." Na ce to a ba ni Littafin ni in dafa, da alwalata. Liman ya dube ni, ya dubi Baba, ya tambaye shi ko har yanzu zai dafa a kan bai sani ba. Baba ya sauke hannun riga a hankali, liman ya mayar da Littafi cikin gafaka.

Daga nan wuri ya rikice. Ƙanen Kande ya kai mini naushi a baki, ban rama ba, ban kuma zauna ba. Wasu na cewa a kai ni Takanamat a rufe, wasu na cewa dama sun sani, su da jiya suke rantsuwa Agali ne. Kande ta fito daga bayan zana ta tsaya gabana. Na ce mata ta yafe mini. Ta ce, "Yahiya ba ta cika tukunya. Ka iya gini?" Na ce zan koya. Mai gari ya yanke in gina mata rumbun laka da hannuna, in kuma nome mata gonarta damina biyu, gari kuma kowa ya kawo mata dami. Na ce na karɓa.

Sai mai gari ya juya ga Agali ya ce magana ta ƙare, ya yi zamansa. Ko haƙuri bai ba shi ba. Ni na je na same shi bakin rijiya da la'asar. Kafin in yi magana ya ce, "Na gan ka ran nan. Ina bisa tudu da shanu, na ga hayaƙin sigarinka kahin in ga na rumbu." Na rasa inda zan sa idona. Na ce to me ya hana ka faɗa, har ka rabu da shanunka? Ya ce, "Ragon sunanka cikin garkena ya hito, ni na kai ma ubanka shi kyauta. Ba ni kai ɗan Nasrullahi gaban mai gari da bakina. Kwana arba'in ina jiran wani na gidanku shi tuna ni ma mutum na." Ya ja gugarsa, bai ce ya yafe ba.

Washegari ya tashi zangonsa daga gonarmu. Bai bar gari ba, ya ce rijiyar nan da ubansa aka haƙa ta. Gonar Kande ya koma, can shanunsa ke kwana yanzu, takin bana nata ne. Gonar Baba tana nan fayau, ba saniya ko ɗaya, karo na farko tun kafin a haife ni. Kowa ya wuce sai ya duba.

Ki aika wa Madam Zuhura ta hannun Yunusu cewa fitowa ta ƙarshe ba a rubuce take ba. In za ta jira laka ta bushe, zan zo in yi mata Barmo. In ba za ta jira ba ta ba wani, ba zan ji haushi ba.

A zauren liman nake kwana. Baba Sa'idu ya ce na tozarta shi gaban gari, kada in ƙara taka ƙofarsa. Ƙofar nan ta babana ce ita ma. Na taka ta shekaranjiya da safe na gaishe shi, bai amsa ba. Na taka ta jiya, ya juya mini baya. Yau ma na je kafin in tafi kwaɓa laka, kuma gobe zan koma.

Ɗanki,
Muktari